Ba gajiya ce ta hana Rosa Parks tashi ba

Ana yawan ba da labarin Rosa Parks, baƙar fata 'yar Amurka, kamar na wata tsohuwa da aikin ɗinki ya gajiyar, ta ƙi bar wa farar fata kujera a bas, abin ya zama tarihi ba zato ba tsammani. Sam ba haka ba ne.

Ranar 1 ga Disamba 1955 da aka kama ta a Montgomery, jihar Alabama ta Amurka, shekarunta 42 kacal. Tun 1943 take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, tana bin diddigin zaluncin da ake wa baƙaƙen fata, musamman mata. Ba ma ita ce ta farko ba: a watan Maris an kama Claudette Colvin, 'yar shekara 15, kan irin wannan.

Ƙaurace wa bas da baƙaƙen fatar garin suka yi bayan kama Parks kuwa da shiri aka yi shi. Jo Ann Robinson da ƙungiyarsu ta mata sun kwana suna buga dubban takardun kira, jama'a suka yi kwana 381 suna takawa a ƙasa ko haɗa mota. Shari'ar da ta soke wariyar launin fata a bas a 1956, Colvin na cikin masu ƙararta, Parks ba ta ciki.