Idan dutse ya taso daga sama, wa zai gaya wa mutanen Marwa da Faya?

'Yan'uwa, ranar Talata 7 ga Oktoba 2008, da misalin ƙarfe huɗu saura kwata na dare agogon Njamena, matuƙan wani jirgin kamfanin KLM na Holland da ke ratsa sararin samaniyar Cadi suka hango haske ya tashi can nesa ta gabas. Wani dutse ne mai faɗin mita 4 da nauyin tan 80 ya shigo da gudun da ya wuce kilomita 12 a daƙiƙa ɗaya, ya tarwatse a tsawon kilomita 37 bisa hamadar arewacin Sudan. Matuƙan ba su firgita ba, domin an riga an gaya musu su sa ido. Wani masanin sararin samaniya a Arizona ta Amurka, Richard Kowalski, ya gano dutsen kusan awa 20 kafin isowarsa, aka lissafa wurin da zai faɗo da mintin, lissafin kuma ya yi daidai. Wannan shi ne karo na farko da ɗan'adam ya ga dutse a sama tun bai iso ba. Amma mutanen da ke ƙasa, a Wadi Halfa da tashoshin jirgin ƙasa na cikin hamada, haske kawai suka gani da rugugi, ba su san mene ne ba.

Wannan gibin shi ne maganata. Masana sun yi nisa a aikin gano duwatsun, sun ma fara iya ture su. Inda aikin ya tsaya shi ne tsakanin kwamfutar da ta yi lissafi da kunnen mai shago a Kusiri ta Kamaru ko makiyayi a bayan Abeche ta Cadi. Wannan ɓangaren babu wanda zai zo ya yi mana shi.

Kada wani ya ce abin na ƙasashen nesa ne. Duk wanda ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a wayarsa ya duba yankin Borku na arewacin Cadi, kudu maso gabas da dutsen Emi Kusi, zai ga zobba cikin zobba a kan hamada. Shi ne ramin Aorunga, faɗinsa ya kai kilomita 12, tabon dutsen sama ne na miliyoyin shekaru. Akwai ɗan'uwansa Gweni-Fada a Enedi. Ƙananan kuwa ba su daina zuwa ba: a Zagami ta ƙasar Katsina, ranar 3 ga Oktoba 1962, dutse mai kilo 18 ya faɗi 'yan taku kaɗan daga wani manomi a gonarsa, daga baya aka tabbatar ɓallen duniyar Mars ne. A 1974 wani ya faɗi a Mayo Belwa ta Adamawa, a 1984 wani a Gujba.

Girman dutse shi ke faɗin irin ɓarnarsa, kuma a nan ne mutane ke rikicewa. Wanda bai wuce mita 4 ko 5 ba iska ce ke cinye shi, sai 'yan tsakuwa su iso ƙasa. Mai mita 20 wani abu ne daban. Irinsa ne ya fashe bisa birnin Celyabinsk na Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013, a tsawon kilomita 30, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Mutum kusan 1,500 suka je asibiti, gine-gine sama da 7,000 suka lalace. Mai mita 50 zuwa 60 shi ne irin na Tunguska ta Rasha a 1908, wanda ya kwantar da dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,000. Mai mita 140 yana iya shafe lardi guda. Mai kilomita 10, irin wanda ya faɗi a gaɓar Meziko shekaru miliyan 66 da suka wuce, shi ne mai juya yanayin duniya baki ɗaya.

Manyan ba su ne abin tsoro yanzu ba. Masu kilomita ɗaya zuwa sama an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu, babu kuma wanda ke kan hanyarmu a wannan ƙarni. Matsalar tana tsakiya. Masu mita 140 zuwa sama an ƙiyasta sun kai 25,000 a kusa da falakin duniya, kuma waɗanda aka gano ba su kai rabi ba, duk da cewa majalisar Amurka ta ba hukumar sararin samaniyar ƙasar, NASA, umarni tun 2005 ta gano kashi 90 nasu kafin 2020. Dalilin jinkirin a fili yake. Dutsen sama ba shi da hasken kansa, da yawa baƙaƙe ne kamar gawayi, kuma na'urar hangen nesa da ke ƙasa da dare kawai take aiki. Wanda ya taso ta ɓangaren rana ba ta ganinsa sam. Ta nan na Celyabinsk ya shigo, shi ya sa babu wanda ya yi gargaɗi ko na minti ɗaya. Don toshe wannan kafa ake haɗa kumbon NEO Surveyor, wanda zai tsaya kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan ta wajen rana, yana neman duwatsun ta hanyar zafin jikinsu maimakon haskensu.

To in an gano, sai me? Ba a buƙatar fasa dutsen, fasawa ma tana iya mayar da matsala ɗaya ta zama goma. Abin da ake so shi ne a saɓa masa lokaci. Duniya na gudun kilomita 30 a daƙiƙa, tana wuce tsawon faɗin kanta cikin kusan minti 7. In aka sa dutsen ya makara ko ya yi sammako da 'yan mintocin nan, zai iso ya tarar babu kowa. Lissafin kuwa yana da daɗi: a rage masa gudu da santimita ɗaya tak a daƙiƙa, cikin shekara 10 ya kauce da fiye da kilomita 3,000, kuma yadda falaki ke aiki yana ninka wannan kusan sau uku. Shekara 10 ta isa. Wata 6 ba zai isa ba, ko da an tara duk kumbunan duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An gwada, kuma ya yi. Ranar 26 ga Satumba 2022 kumbon DART, wanda nauyinsa bai kai kilo 600 ba, ya daki wani dutse mai suna Dimorphos, mai faɗin kusan mita 150, da gudun kilomita 6 a daƙiƙa, a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya. Dimorphos yana kewaya wani babban dutse cikin awa 11 da minti 55. An ce in lokacin ya ragu da daƙiƙa 73 an yi nasara, sai ya ragu da minti 32. Abin da ya jawo wannan ƙarin shi ne ƙasa da tsakuwa, fiye da kilo miliyan ɗaya, da suka yi tsiri daga wurin dukan suka tura dutsen baya, kamar yadda bindigar toka ke dukan kafaɗar maharbi. Amma a nan ne haɗarin yake. Da yawa daga duwatsun nan ba curi ɗaya ba ne, tarin tsakuwa ne da ke manne da juna da ƙyar, kuma ba a iya sanin yadda kowanne zai karɓi duka sai an je an duba. Shi ya sa Turai ta harba kumbon Hera a Oktoba 2024 don ya auna abin da DART ya bari. Akwai wani haɗarin da ya shafe mu kai tsaye: turin da bai cika ba ba ya kawar da dutsen, matsar da wurin faɗuwarsa kawai yake yi daga wata ƙasa zuwa wata. Ranar da za a zauna yanke wannan shawara, ƙasar da ba ta da wakili a ɗakin ba za a ji muryarta ba.

Tauraruwa mai wutsiya ta fi wuya. Tana tasowa daga can ƙarshen falaki, da gudu ninkin na dutse, ba ta kuma bayyana sai ta matso. Wadda ta gifta kusa da Mars a Oktoba 2014 an gano ta ne a Janairu 2013, wato ƙasa da shekara biyu. Sauƙin dai shi ne irinsu ba su da yawa.

Akwai tsari na duniya, kuma ya kamata hukumominmu su san shi. Duk abin da aka hango ana aika shi cibiyar Minor Planet Center a Amurka, sai ofishin NASA a Amurka da na Turai a Italiya kowanne ya yi lissafinsa daban don a gwada. Ƙungiyar gargaɗi ta duniya kan duwatsun sama, IAWN, wadda aka kafa bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fitar da gargaɗi in dutse ya wuce mita 10 kuma yiwuwar faɗuwarsa ta haura kashi 1 cikin 100. Mun ga aikinta a farkon 2025, da dutsen 2024 YR4 mai kusan mita 60. Yiwuwar ya faɗo ranar 22 ga Disamba 2032 ta hau har kashi 3.1 a ranar 18 ga Fabrairu, layin haɗarin kuma ya ratso Afirka ta wajen Najeriya da Sudan, mu muna tsakani. Cikin mako guda lissafin ya sauka kusan sifili. Masu cewa masana sun yi ƙarya ko sun ɓoye wani abu ba su fahimci yadda abin yake ba. Da farko ba a san hanyar dutsen sosai ba, sai a zana faffaɗan fili a ce ta nan zai bi, duniya na ciki. Kowane sabon awo yana rage filin, rabon duniya a cikinsa na ƙaruwa, har ranar da filin ya tsuke ya bar duniya a waje, adadin ya faɗi gaba ɗaya. Hawan nan da faɗuwa haka yake kusan kowane lokaci. Amma nawa ne daga gidajen rediyonmu suka yi wannan bayani da Hausa, da Fillanci, da Larabcin Cadi? Saƙon murya na WhatsApp ne ya riga kowa.

Ga abin da ya kamata kowane malamin makaranta da kowane limami ya sani, domin shi ne ke ceton rai. Haske yana riga ƙara isowa. Ƙara na cin kusan daƙiƙa 3 a kowace kilomita, saboda haka abin da ya fashe a kilomita 30 zai yi minti ɗaya da rabi ko fiye kafin bugun iskarsa ya iso. A Celyabinsk mutane sun ga haske, suka ruga tagogi don kallo, suna tsaye gilashi ya tarwatse a fuskokinsu. Mafi yawan raunukan daga nan suka fito. Wata malama da ta sa ɗalibanta suka shige ƙarƙashin tebura, babu yaro ɗaya da ya ji ciwo. Don haka in sama ta yi haske fiye da rana, kada a kalle shi, a nisanci taga da ƙofar gilashi, a sunkuya a rufe kai, a jira minti 5. Wanda ke waje ya matsa daga tsohuwar katanga da rumfar kwano. A yankinmu da ya saba jin ƙarar bam akwai ƙarin haɗari, na turmutsitsi a kasuwa ko masallaci, da kuma jami'in tsaro da zai ɗauka hari ne. Dole jandarmomi da sojoji su kasance cikin waɗanda ake sanarwa tun farko.

In an ga wutar ta wuce lafiya, a rubuta lokacin, wurin da aka tsaya, ɓangaren da ta fito da wanda ta nufa in an auna da alƙibla, da daƙiƙoƙin da ke tsakanin haske da ƙara. Shaidu biyu daga garuruwa biyu sun isa a zana inda ta faɗi. Dutsen sama daƙiƙoƙi kaɗan yake yi, abin da ke tafiya a hankali yana zubar da wuta har kusan minti guda galibi tarkacen tauraron ɗan'adam ne. Wanda ya tsinci dutsen zai ga baƙar fata siririya a jikinsa kamar an ƙona, ya fi dutsen gida nauyi, ba shi da ramukan kumfa irin na kashin maƙera. Ba shi da guba. Kada a wanke shi, kada a shafa masa mai, kada a fasa. A ɗauki hotonsa a inda yake, a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a kai sashen ilimin ƙasa na jami'a mafi kusa. Ɗaliban Jami'ar Khartum haka suka jera cikin hamada suka tsinto gutsattsari kusan 600 na dutsen 2008.

Ba kumbo nake nema wa Kamaru da Cadi ba. Ina neman ofishi ɗaya a kowace ƙasa da sanarwar IAWN za ta riƙa isa gare shi, da jerin lambobin da zai kira cikin awa guda: gwamnoni, lamidai da sarakuna, gidajen rediyo, kamfanonin waya. Ina neman saƙon gargaɗi a rubuce tun yanzu cikin harsunanmu. Jami'o'in Marwa, Garwa, Ngaundere da Njamena kuma su kafa kyamarorin sa ido a rufin gine-ginensu, irin waɗanda Faransa ta jera fiye da ɗari a faɗin ƙasarta. Senegal ta nuna ana iyawa, tun 2018 masananta ke aiki da NASA wajen auna duwatsun sama da ƙananan na'urori a ƙauyuka.

Ranar gwajinmu ma an san ta. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029, wajen ƙarfe sha ɗaya saura kwata na dare agogonmu, dutsen Apophis mai faɗin kusan mita 340 zai gifta kilomita 32,000 kacal daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin talabijin ke tsayawa. Ba zai taɓa mu ba, awon da aka yi a 2021 ya kawar da wannan har shekara 100. Afirka na cikin wuraren da za a gan shi da ido, kamar tauraro madaidaici yana tafiya a hankali a tsakanin sauran. Daren zai zo a ƙarshen Zulƙida, babu farin wata, kwana goma da ɗoriya kafin Babbar Sallah, alhazai na kan hanya. Mu da muka gaji karin maganar tauraruwa mai wutsiya, mun san irin saƙonnin da za su yi yawo a makon nan in ba a riga su ba. Malamanmu suna da hujja a hannu, ranar da ɗan Manzon Allah (SAW) Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta, shi kuma ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A fara bayanin a aji da kan mumbari tun bana, a faɗi ranar da lokacin, daren kuma a fitar da yara filin makaranta a kashe fitilu su gani da idonsu.