Mai ƙidayar ƙwallo bai san mai miƙowa ba

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma tun ranar 6 ga Afrilun 2025, da Alexander Ovechkin, ɗan wasan ƙungiyar Washington a gasar hokin ƙanƙara ta NHL, ya zura ƙwallonsa ta 895 a ragar New York Islanders, wani bawan Allah a garin nan na Edmonton da ke Kanada ya hana mu shan shayi cikin kwanciyar hankali. Duk zaman da aka yi bayan Juma'a sai ya gyara zaman hula, ya ɗaga yatsa, ya ce magana ta ƙare, an kife babin Wayne Gretzky, Ovechkin ne gwanin gwanaye a hokin ƙanƙara. Hujjarsa guda ce tak, wai 895 ta fi 894 da Gretzky ya ci. To madalla. Mun gode da aka koya mana ƙirga.

Wannan fa mutum ne da na ɗauko daga filin jirgi a tsakiyar Janairu, sanye da 'yar rigar da ko hunturun Kano ba za ta tare ba, haƙora na ta kaf-kaf, ko amsa sallama ya kasa yi. Ni na tuɓe jibgegiyar rigar sanyina na yafa masa. Da ya ɗan warware na zagaya da shi gari, muka tsaya a ƙofar Rogers Place, filin wasan ƙungiyar hokin garin nan da Gretzky ya buga wa, inda aka kafa mutum-mutuminsa ya ɗaga kofin Stanley, kofin zakarun gasar, sama. Mutumina ya gyara tsayuwa aka ɗauke shi hoto, sannan ya juyo ya tambaye ni, wai wane gwamna ne wannan. Yau shi ne alƙalin da zai tsige gwamnan.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da ya tambaya, da an gaya masa cewa a wasan nan ba wanda ya jefa faifan robar a raga kaɗai ake rubuta wa maki ba. Wanda ya miƙa masa yana da maki ɗaya cur, daidai da na mai ci, haka ma wanda ya miƙa wa mai miƙowar. Mutanen nan sun san tuwo ba ya kai kansa baki. To a wannan lissafin Gretzky ya ajiye sanda a 1999 da maki 2,857: ƙwallo 894, miƙowa 1,963. Mai bi masa a tarihi, Jaromir Jagr, yana da 1,921 gaba ɗaya. Ma'ana ko da Gretzky bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba a rayuwarsa, abin da ya ciyar da abokan wasansa kawai ya isa ya ajiye shi a saman kowa. Na faɗi wannan a zaman shayi, sai Malam Masani ya ce ai miƙowa aikin yaran gida ne. Na yi shiru. Na san dalilin da ya sa lissafin masu miƙowa ke masa ɗaci.

Da ya ga nan ba mafita, sai ya ɗauko wata daga bidiyon minti ɗaya da ya gani a waya: wai masu tsaron raga na zamanin Gretzky gara-gara ne, a tsaye suke kamar turken awaki, kayan kariyarsu ƙanana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan ƙi ba. A farkon shekarun 1980 ana cin ƙwallaye fiye da yanzu, kuma salon durƙusawa a baje ƙafafu a toshe ƙasan raga sai da Patrick Roy ya zo ya yaɗa shi. Amma ai ba Gretzky kaɗai aka buɗe wa ragar ba. Kowa a zamanin da waɗannan masu tsaron ya kara. A kakar 1985 zuwa 1986 ya tara maki 215, na biyu Mario Lemieux yana da 141. Miƙowar Gretzky kaɗai a kakar nan 163 ce, ta fi duk abin da na biyun ya haɗa. In ragar a buɗe take, me ya hana sauran shiga?

Kuma abin da ya fi ba ni sha'awa game da shi, bai da jikin da za a ji tsoro. Siriri ne, bai fi kowa gudu ba, bai fi kowa ƙarfin bugu ba. Mahaifinsa Walter ya yi masa filin ƙanƙara a bayan gida a Brantford, ya koya masa zuwa inda faifan zai je maimakon bin inda yake. Sai ya mayar da bayan ragar abokan hamayya wurin zamansa, har ake kiran wurin ofishinsa. Daga nan yake kallon kowa, mai tsaron raga kuma ba ya ganinsa sai ya waiwaya, in ya waiwaya an ci shi ta gaba. Wannan ba a ganinsa a bidiyon minti ɗaya. Sai wanda ya zauna ya kalli zango uku na minti ashirin-ashirin, ba tare da ya tashi neman abin taɓawa ba.

Kada a ce na ci haƙƙin Ovechkin. Wallahi a wajen zura ƙwallo ban ga kamarsa ba, kuma in don wannan ne na sallama. Shekara ashirin ke nan duniya ta san inda zai tsaya, can a da'irar hagu, sanda a ɗage, yana jiran a turo. Masu horarwa sun sani, masu tsaron baya sun sani, yaron da ke sayar da lemo a filin ma ya sani, amma an kasa hana shi. A Nuwamban 2024 ƙashin ƙafarsa ya karye, yana da shekara 39, ya yi jinyar wasa 16 ya dawo ya ƙarasa aikin. Ya kuma kai 895 ɗin ne a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga. Ikon Allah. Gretzky da kansa yana filin a ranar, ya sauko kan ƙanƙara ya rungume shi. Manya ke nan, ba su da ƙyashi. Amma ina so a tambayar min masaninmu, wa ya tura wa Ovechkin faifan a ranar? Tom Wilson ne. Wa ya fi kowa ciyar da shi tsawon shekarun nan a Washington? Nicklas Backstrom. Na tabbata sunayen nan biyu yau zai fara jin su, kuma gobe zai faɗe su a majalisa kamar da su aka haife shi.

In kuwa baiwa tsagwaronta ake magana, wadda Allah ke ba mutum ba don ya fi kowa naci ba, ni a wurina Lemieux ne, kuma a nan ko mutanen Edmonton ba na jin tsoronsu. Dogo ne ƙato, amma hannunsa kamar na mai ɗinkin hula. Ranar 31 ga Disambar 1988 ya ci New Jersey ƙwallo biyar ta hanya biyar daban-daban: ana daidai, ana rinjaye da mutum, an rage musu mutum, bugun fanareti, da raga ba mai tsaro. Ciwon baya ya sa shi gaba har akwai lokacin da sai an ɗaura masa igiyar takalmi don ba ya iya sunkuyawa. A Janairun 1993 aka gano yana da sankarar Hodgkin. Ya shafe kusan wata biyu ba ya wasa, yana jinya, ana gasa cutar da na'ura. Ranar 2 ga Maris, da safe aka yi masa gashin ƙarshe, da dare yana kan ƙanƙara a Philadelphia, ya ci ƙwallo ya kuma miƙa aka ci. Ya ƙare kakar da maki 160 a wasa 60, ya fi kowa. Ƙwallayensa 690 ne kacal a wasa 915. A ma'aunin mutumina, wannan ba ya cikin lissafi ke nan.

Bobby Orr ma haka zai sha ƙasa a wannan ma'aunin, ɗan bayan da ya fi kowa maki a gasar har sau biyu, gwiwa ta tsayar da shi a wasa 657. Shi kuwa Connor McDavid namu na nan gari, da in ya ɗauki faifai sai ka ga sauran kamar a cikin taɓo suke, masanin cewa ya yi ba komai ba ne tunda bai ɗau kofi ba. Gaskiya ne Florida ta hana shi a wasan ƙarshe na 2024 da na 2025, mun kuma sha baƙin cikinmu. Amma a 2024 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin neman kofin duk da ƙungiyarsa ce ta faɗi. Sai ka rasa gane ma'aunin nasa: in ana maganar Ovechkin mai kofi ɗaya na 2018, kofi ba komai ba ne a gaban huɗun Gretzky. In an zo kan McDavid, kofi ne komai. Mudu biyu gare shi, na saye daban na sayarwa daban.

Akwai wata ƙwallo da kowane ɗan Kanada ya san inda yake lokacin da aka ci ta, wadda Sidney Crosby ya ci Amurka a ƙarin lokaci a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Hoton Crosby ne a ko'ina. Amma wanda ya ƙwato faifan a jikin katanga, ya tura masa ana cikin kayar da shi ƙasa, Jarome Iginla ne, haifaffen garin nan na Edmonton, mahaifinsa ɗan Najeriya. Mutum mai ƙwallo 625 na kansa. Kanadawa ba su manta da shi ba. Su ba sa mantawa da wanda ya faɗi ƙasa don wani ya ɗaga hannu. Wasu kuwa, a ɗauko su daga filin jirgi, a ba su ɗaki wata uku, a kai sunansu inda ake neman ma'aikaci, ranar da albashi ya fara shiga sai ka ji suna ba sababbin zuwa labarin yadda suka zo ƙasar nan ba su san kowa ba, suka tsaya da ƙafarsu.

Ƙafar ma na gan ta. Lokacin sanyin farko na kai shi filin unguwarmu na aro masa takalmin sulu. Taku biyu ya yi ya rungume katanga da hannu bibbiyu, gwiwoyi na karkarwa, yana salati. Wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta zagaye shi sau uku, sannan ta turo masa ƙarfen da yara ke dafawa suna koyo. Da ya sake shi sai ji muka yi tim, hula ta yi gabas, safar hannu ta yi yamma. Daga ranar bai sake taka ƙanƙara da gangan ba. Shi ne yanzu ke cewa Gretzky bai iya juyi ba.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na san kafin magariba za a kira ni a ce da wa nake. Ba sai an wahala ba. Na ga sabon hoton da aka ɗauka a gaban gwamnan, an ɗaura gyalen Washington a wuya ana murmushi. Gyalen naka ne, ban ce komai ba. Amma rigar da ke ƙarƙashinsa, shuɗiyar nan mai yagaggen aljihun hagu, a taimaka a aiko min da ita kafin Nuwamba, akwai wani yaro da zan ɗauko daga filin jirgi.