A koya wa ɗalibanmu karanta alƙaluman binciken da aka yi a kanmu

'Yan uwana malamai, duk wanda ya saba duba kundin kammala karatu a nan Yamai ya san jimlar da ɗalibai suka fi so: "bincike ya nuna cewa", sai adadi ya biyo baya, an ɗauko shi ɗungurungum daga wani rahoto. Idan aka tsayar da ɗalibin ranar kare kundinsa aka ce masa, wannan kashi kaza ɗin na mutum nawa ne, kuma da su wa aka gwada su, sai ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, domin mun koya masa yadda ake fitar da matsakaici a kan allo da kwamfuta, amma da wuya a sami darasin da aka ajiye masa teburin sakamakon bincike na gaske aka bi shi da shi layi bayan layi.

Abin da ya fi damuna shi ne, misalan da za mu yi aiki da su suna nan a ƙofar gida. A shekarar 2018 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin da ake kira MORDOR, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa bai wa yara 'yan wata 1 zuwa wata 59 maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna azitromisin sau biyu a shekara a wasu garuruwa, wasu garuruwan kuma aka ba su mai kama da shi wanda babu magani a ciki. A Nijar, cikin jihar Doso aka yi aikin, kuma an sami raguwar mutuwar yara da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ɗalibin da ba a horar ba zai iya ɗauka cewa cikin kowane yara ɗari an ceci 18, alhali ba haka ba ne. A garuruwan da ba su sami maganin ba, wajen yara 27.5 cikin 1,000 ne suke rasuwa a shekara, a waɗanda suka samu kuwa 22.5, wato bambancin yara 5 ne cikin 1,000. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasa mai yawan yara irin tamu, ga uwar da ɗanta ya tsira kuwa ba a magana, amma wajibi ne mai karatu ya san wanne daga cikin lissafin biyu ake gaya masa.

Sannan a gefen kashi 18 ɗin akwai wasu lambobi biyu da ɗalibai suke tsallakewa, daga 10 zuwa 25.5, waɗanda suke nuna iyakar inda ake kyautata zaton gaskiyar take. A Tanzaniya raguwar kashi 3.4 ce kawai, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin nata biyu ta faro daga ƙasa da sifili, wato ƙila babu raguwa ko kaɗan, ta haura 20. Wanda ya ce maganin ya yi aiki a can ya yi gaggawa, wanda ya ce bai yi ba shi ma ya yi gaggawa, domin abin da aka tattara bai isa a yanke hukunci ba. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi wuyar shiga, saboda tun daga firamare mun saba wa yara cewa kowace tambayar lissafi amsarta ɗaya ce.

Haka batun haihuwa yake. Har gobe ana maimaita cewa macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6, ba tare da an faɗi cewa adadin na binciken 2012 ne ba, ko cewa a binciken nan kansa birane suna da 5.6 karkara kuma 8.1, ko cewa binciken da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ya sami 6.2.

Shawarata ga sassan Jami'ar Abdou Moumouni da makarantun horar da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida ita ce a ware sa'o'i na musamman domin wannan karatu. A raba wa ɗalibai shafi guda na sakamakon bincike, kowa ya rubuta da Hausa ko Zabarmanci, cikin jimloli uku, abin da teburin ya tabbatar da abin da bai tabbatar ba, kamar zai yi wa mai gari bayani. A ba wannan aiki maki daidai da na lissafi, tun daga shekarar farko, kafin a kai ga rubuta kundi.