Zakunan Urkesh da Ramin Ƙasusuwa

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da kayan tarihi, kuma labarin wani tsohon birni a Siriya ne ya sa na kasa yin shiru.

A shekarar 1948 wasu 'yan zakuna biyu na tagulla suka ɓulla a hannun dillalan kayan tarihi. Ɗaya ya ƙare a gidan tarihi na Louvre a Paris, ɗayan a Metropolitan da ke New York. Na Paris yana dafe da wani ɗan allo, an rubuta cewa Tish-atal, mai mulkin Urkesh, ya gina wa abin bautarsa Nergal ɗaki, tare da tsinuwa ga duk wanda ya rushe shi. Wannan rubutu yana cikin mafi tsufa da aka samu da harshen Hurriyawa, mutanen da suka zauna a arewacin Siriya da Iraƙi da kudu maso gabashin Turkiyya fiye da shekara 4,000 da suka wuce. To ina Urkesh ɗin? Wanda ya tono zakunan ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Daga wane ɗaki ya ciro su, a ƙarƙashin wane bango, me ke kusa da su, duk ya tafi da shi. Masana suka kusan shekara hamsin suna riƙe da sunan gari ba su san inda garin yake ba.

Sai a 1984 Giorgio Buccellati da matarsa Marilyn Kelly-Buccellati suka fara tono a wani tudu da ake kira Tell Mozan, kusa da garin Amuda a arewa maso gabashin Siriya. Shekara goma sha ɗaya suna aiki kafin su tabbatar, a 1995, cewa nan ne Urkesh. Kuma ba zinariya ce ta gaya musu ba. Gutsattsarin busasshen yumɓu ne, irin wanda ake liƙawa a bakin tulu ko akwati a danna masa hatimi, aka tsinto su warwatse a daɓen ɗakin ajiya na fada. Aka yi ta harhaɗa su har sunan sarki Tupkish ya fito, da na sarauniya Uqnitum, har da na mai renon 'ya'yanta Zamena da mai dafa mata abinci Tuli. Ɓarawon kayan tarihi da ƙafa zai take irin wannan yumɓu yana neman abin da zai yi kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin da ke jikin fadar. Kamar ƙatuwar rijiya yake, an gina shi da manyan duwatsu, faɗinsa wajen mita 5, zurfinsa ya haura mita 6, ana sauka ta wata matsattsiyar matattakala mai tsayi. Ciki kuwa ƙasusuwa ne hawa-hawa, yawancinsu na 'ya'yan alade da 'yan kwikwiyo. Da ƙasusuwan kaɗai aka gani a kasuwa, wa zai ko dube su? Amma da yake an ɗebe su a inda suke, an rubuta zurfin kowane, an ga cewa ƙanana ne kuma ba irin ragowar abincin da ake samu a sauran garin ba, sai aka gwada da rubuce-rubucen da Hittiyawa, wata tsohuwar al'umma da ta yi daula a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, suka adana na tsafin Hurriyawa. A can an bayyana yadda ake haƙa rami, a yanka dabba a ciki, a zuba abin sha, a kira gumakan ƙarƙashin ƙasa su ɗauke dauɗa ko masifa. Sunan ramin a harshensu abi. Rubutu ya faɗi abu, ƙasa ta gaskata shi. Ga kuma babban ɗakin bauta can bisa tudu, da faffaɗar matattakalar dutse da jama'a ke hawa a fili, a garin da tatsuniyoyinsu suka ce nan ne mazaunin Kumarbi, uban gumakansu. Wato ibadarsu kashi biyu ce, ta sarari da ta cikin duhu, kuma tsarin ginin ne ya nuna hakan.

Na san wani zai ce, Malam, mene ne amfanin tono tsafin mutanen da suka shuɗe? Sanin abu daban, yarda da shi daban. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Yaya za ka duba in an riga an kwashe shaidar an sayar?

Wannan ciwo namu ne ma. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da waɗanda aka tono a yankin Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar, da yawansu haka aka haƙe su a ɓoye aka fitar da su Turai. Suna can cikin gilashi, gwanin sha'awa, amma ba mai iya cewa a kabari aka same su ko a wurin bauta.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Siriya a 2011 masanan ƙasashen waje suka daina zuwa tono a Mozan. Mutanen ƙauyukan wurin ne suka ci gaba da kula da shi. Bangon fadar na tubalin ƙasa ne, an yi masa rumfar ƙarfe da labulen buhu don kada ruwan sama ya cinye shi, kuma su ne ke sauya labulen in ya yage, su cire ciyawa daga tsakanin duwatsun matattakala. Ina jinjina musu ƙwarai. Ba su bauta wa Kumarbi, ba su ma jin harshen da aka yi masa addu'a da shi, amma sun tsare ramin da ƙasusuwansa suka fi zakunan Paris da New York ba mu labari.