Ƙungiyar iyayen yara: wa ke da ƙuri'a, wa ke riƙe da asusu?

'Yan uwana na Damagaram, musamman ku da kuke shirin yi wa ƙungiyar iyayen 'yan makaranta takardun hukuma a unguwanninku, ga abin da nake gani a Amurka inda yarana ke karatu.

Ƙungiyoyin iyaye a nan iri biyu ne. Akwai PTA, wadda ta samo asali tun 1897, kowane reshe yana aika kaso daga kuɗin mambobinsa zuwa uwar ƙungiya. Akwai kuma PTO, wadda iyayen makaranta ɗaya ke kafawa, ba ta ƙarƙashin kowa. In suna so hukuma ta san da zamansu, sai su yi rajista a jiha a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, sannan su nemi hukumar harajin ƙasar, IRS, ta ɗauke musu haraji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3). Duk shekara sai sun kai rahoto, wadda kuwa ta yi shekara uku a jere ba ta kai ba, ta rasa wannan matsayi.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar da takardar rajista ke yi a jihohi da dama: ƙungiyar tana da mambobi, ko babu? Doka ta yarda da duka biyu. In aka ce babu, kwamitin gudanarwa ne wuƙa da nama. Shi zai zaɓi magadansa, shi zai gyara doka, shi zai raba kuɗi. Masu ba da shawara kan tura iyaye can, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: mutane a nan ba sa zuwa taro, wani yana aikin dare, wata tana haɗa aiki biyu, sai a shekara ba a cika adadin da za a yi zaɓe ba.

Na ji hujjar, amma ban karɓe ta ba. Ƙungiya ta ɗauki sunan iyaye, ta tara kuɗi da sunansu, sannan uwa ba ta da ikon sauke wanda ya gaza? Baƙi irinmu, masu ƙarancin Turanci, mu ne ake fara mantawa a irin wannan tsari.

Ta wannan fuska gida ya fi. Shirin École pour tous da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, wanda ya fara a Tawa a 2004 kafin ya iso Damagaram, ya tsaya kai da fata a kan zaɓen 'yan kwamitin makaranta, COGES da ake ce wa CGDES yanzu, ta ƙuri'ar sirri a taron jama'a. Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ya san dalili. In aka ce a ɗaga hannu, wa zai ƙi ƙanin mai unguwa a gaban jama'a, ko limamin da ya raɗa wa ɗansa suna? Kunya takan ci zaɓe tun ba a fara ba. Ga kuma AME, ƙungiyar iyaye mata, da muryarta daban. Mutanenmu suna zuwa taro, wannan arziki ne da Amurkawa ke nema ido rufe.

Rauninmu bayan zaɓe yake. Na ga shugaban da ƙaramin ɗansa ya gama firamare tuntuni, shi kuwa yana nan kan kujera. Na ga kuɗin karo-karo a aljihun mutum ɗaya, ba don ɓarawo ne ba, sai don babu inda aka rubuta cewa a tambaye shi. A nan Amurka ma'aji yakan kawo lissafi kowane taro, babu mai ɗaukar tambaya a matsayin zargi.

CGDES tsarin hukuma ne, da darakta da wakilin malamai a ciki. Amma APE, ƙungiyar iyayen 'yan makaranta, taku ce, kuma in za ku yi mata rajista bisa doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, dokokin cikin gida ku za ku rubuta. Kada ku kwafo na wasu da Faransanci ku sa hannu.

Ku fara da mamba. A wajenmu kaka na riƙon jika, goggo na riƙon ɗan ƙaninta, don haka a rubuta "mai riƙon yaro", ba mahaifi kawai ba. Ƙuri'a ta zama ta mutum, ba ta gida ba, domin in maigida mai mata uku ya zo shi kaɗai, an rufe bakin mata ukun da su ne suka san wane yaro ya tafi ba karin kumallo. Abin da ya fi damuna kuwa: kada a ɗaura ƙuri'a a kan biyan kuɗi. Gwauruwar da ke tuyar ƙosai, wadda ba ta da kuɗi ko jika guda a watan buɗe makaranta, ɗanta yana zaune a ajin zana ɗaya da ɗan alhaji. Wanda ya kawo kara ko ya ɗebo wa makaranta ruwa, a garin da muka san tsadar ruwa, ya biya nasa.

Sauran ba su da wuya. Wa'adin shugabanni shekara biyu, ba a wuce sau biyu. Sa hannun mutum biyu kafin kuɗi su fita, kada darakta ya zama ɗayansu, don a tsare masa mutunci. A karanta lissafi da Hausa, da babbar murya. In taro bai cika ba, a sake kira bayan mako ɗaya, waɗanda suka zo su yanke.

Akwai sharaɗin da IRS ba ta sassautawa, ku ma ku saka shi: ranar da ƙungiya ta rushe, dukiyarta ba a raba ta tsakanin shugabanni, sai ta koma ga wata ƙungiyar taimako ko ga aikin jama'a. Ku rubuta a fili cewa tebura, alluna da abin da ya rage a asusu na makaranta ne.