Dolly Parton ba ta sayar da gonarta ba

Duk wata sai mai kai wasiƙa ya jefa wa ɗiyata littafi a akwatinmu nan Nashville ta Amurka, kyauta, ga sunanta a jiki. Shirin da Dolly Parton ta kafa ne a 1995, don girmama mahaifinta wanda bai iya karatu da rubutu ba. Mawaƙiya ke rabon littafi! A gida mun saba mawaƙi shi ake wa kyauta.

An haife ta a 1946 a tsaunukan gabashin Tenesi, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya goma sha biyu, a gida mai ɗaki ɗaya. Washegarin gama sakandare a 1964 ta kamo hanyar Nashville, cibiyar waƙar kantiri, wato waƙar mutanen karkara da jita. Murya kam Allah ya ba ta, amma abin da ya fi burge ni wani ƙi da ta taɓa yi ne.

Bayan fitowar "I Will Always Love You" a 1974, Elvis Presley ya so ya rera ta. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗi: sai an ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Elvis fa, a lokacin da sunansa kaɗai kasuwa ne. Ta ce a'a, kuma da bakinta ta ce ta kwana tana kuka. A 1992 Whitney Houston ta ɗauki waƙar ta zagaye duniya da ita, kason marubuciya kuwa ya riƙa shigowa hannun Dolly ba mai raba ta da shi. Waƙa gona ce a wurinta. Tana ba da aro a noma, ba ta sayarwa.

Mu kuwa waƙarmu a ƙofar ubangida ta girma. Shata ya wasa sarki ko attajiri, a ba da riga, a ba da doki, daga baya mota da kujerar Makka. Akwai mutunci da zumunci a wannan tsari, ba na raina shi, ni ma kalangu ya raine ni. Sai dai kyauta ranar da aka yi ta take ƙarewa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, har gobe a tasha ana tura wa mutum waƙoƙinsu a memori kan 'yan canji. Kwabo nawa ke isa gidajensu?

Matasan mawaƙanmu na finafinai su ne abin ji. Da yawa kan karɓi kuɗi sau ɗaya a hannun furodusa, waƙar ta yi ta tara masu kallo a YouTube a shafin wani. Wani ƙanena mawaƙi ya kira ni makon jiya yana murna an saye masa waƙa. Na tambaye shi ko an rubuta takarda. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai mutumin na gida ne."