Sanyin Ƙafar Super Eagles a Ranar Babban Wasa

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Super Eagles shi ne yadda ƙafafunsu ke yin sanyi a daidai ranar da aka fi buƙatarsu. A gasar cin kofin Afirka ta Kamaru a 2022 sun lashe wasanninsu uku na rukuni, amma da aka shiga zagayen da duk wanda aka doke zai tattara komatsansa, sai Tunisiya ta yi waje da su da ci ɗaya mai ban haushi. Bayan wata biyu a Abuja, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Qatar, Thomas Partey na Ghana ya ɗaɗa ƙwallo daga nesa ta sulale ta ƙarƙashin mai tsaron gida Francis Uzoho, aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta tafi Qatar.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da muka buga da Ivory Coast a Abidjan a Fabrairun 2024. Bayan Troost-Ekong ya ci da ka, sai 'yan wasanmu suka ja da baya suka cunkushe a gaban ragarsu, duk wanda ƙwallo ta zo wa sai ya watsar da ita bai ko ɗaga kai ba, har Kessié ya farke, Haller ya ƙara. Mutanen nan fa kowane mako suna taka leda a manyan ƙungiyoyin Turai gaban dubban 'yan kallo, don haka ba zan yarda cewa gwaninta ce suka rasa ba. Tsoro ne ya kama su, kuma mai horarwa yana tsaye a bakin fili bai sauya tsarin ba sai da aka sha mu na biyu.